Rakiyar Barde Zuwa Kano

Na taɓa ɗauko ragon layya a but ɗin mota tun daga Kano har Abuja, ban waiwaye shi ba sai a Kaduna, nan ma don ya yi shiru ne na ji tsoron kada kuɗina su mutu. Na ɗauki buhunan albasa, na ɗauki kayan lefe. Amma ban taɓa ɗaukar fasinjan da ya wahalar da ni kamar wani kifi da tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba.

'Yar autata na saya wa shi a wani shagon kifayen ado. Kwana uku ta yi tana ɗoki ta koma kan kallon katun, aka bar ni da reno. Irin kifin nan ne da ake kira betta, ɗan asalin Tailan, ja wur, ga jela baza-baza kamar babbar rigar da ta sha sitati. A can ƙasarsu cikin fadamun shinkafa da kududdufai kakanninsa suke rayuwa, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Namijin ba ya haɗa gida da wani namiji, sai faɗa har wani ya jigata. Ko madubi ka kanga masa, sai ya buɗe kumatu ya yi kan hotonsa. Don haka na raɗa masa suna Barde.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo za mu yi mako biyu a Kano, uwargida ta ce a bar wa maƙwabci. Na ƙi, domin ranar da maƙwabcin ya fara ganinsa tambayar da ya yi ita ce ko yana da ƙaya. Sai na shiga shiri kamar mai tafiya Hajji. Na hana Barde abinci kwana guda kafin tafiya, don kada ya ɓata ruwansa da kashi a hanya. Na cika jarka da ruwan da aka riga aka kashe wa sinadarin kulorin, tunda ruwan famfo kai tsaye yana ƙona wa kifi wurin numfashi. Na samo wata babbar kwalbar roba, na cika ta fal har baki, na sa Barde, na murɗa murfi tamau. A lissafina, yawan ruwa shi ne gata.

Tunda dole wani ya riƙe kwalbar, na miƙa wa ƙanin matata makullin mota, yaron da shekara biyu yana roƙon in bar shi ya zaga layi da ita ina hanawa. Ya karɓa yana kallon kifin da idon godiya.

Mun bar gida bayan asuba, hunturu na kaɗawa. Betta yana son ruwa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 28, ni kuwa na taɓa kwalbar na ji ta kamar randa. Na ce a kunna hita. Tun da na sayi motar ba a taɓa taɓa maɓallin nan ba, sai ga wata ƙura mai ƙauri ta feso mana. Uwargida ta ce daga baya, "Baban yara, gasa mu za ka yi saboda kifi?" Na yi kamar ban ji ba.

Muna wuce Zuba na lura Barde yana ta dungurar murfi da baki. Na ce kun gani, murna yake yi. 'Yar autata, wadda na ɗauka ta manta da shi, ta leƙo ta ce, "Abba, ai mai shagon ya ce iska yake shaƙa, ka bar masa wuri a sama." Ashe kuwa haka ne. Wannan kifi yana da wata gaɓa a cikin kai da yake ɗibar iska da ita daga saman ruwa, shi ya sa masu sayar da shi suke ƙulla shi a leda da ruwa kaɗan da iska mai yawa. Ni da digirina na kusa shaƙe kifi a cikin ruwa.

Na buɗe murfin da niyyar rage ruwan ta taga. A daidai nan ƙanin matata ya faɗa wani rami kafin Tafa, kuma ruwan ya rage kansa da kansa, a kan cinyata. Farar shadda nake sanye da ita. Barde ya tsira, ya samu iskarsa, ni kuma na jiƙe a wurin da babu bayanin da zai wanke mutum.

Ban bushe ba muka iso shingen bincike. Jami'in ya leƙo, ya ga dattijo rungume da wani abu a nannaɗe cikin tawul (na lulluɓe kwalbar ne don duhu yana kwantar wa kifin hankali), ga wando sharkaf. Ya ce, "Alhaji, me ke ciki?" Na ce kifi. Ya ce in buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira abokin aikinsa, shi ma ya kalla. "Guda ɗaya?" Na ce guda ɗaya. "Magani ne?" Na ce a'a, kiwo. Ya dubi wandona, ya dubi uwargida da tausayi, ya ce, "Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ku wuce."

Da rana ta take, na hana kunna na'urar sanyaya mota, kada ruwan ya yi sanyi farat ɗaya. Duk ramin da muka tunkara sai in ɗaga kwalbar sama kamar mai kai gaisuwa fada. Tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai ta zame mana yini guda, har motocin ɗaukar shanu suna wuce mu.

A Kwangila ta Zariya muka tsaya sallah. Na fito daga masallaci na je but don in ƙara wa Barde ruwa, na tarar da jarka wayam. Ƙanin matata ya ce, "Yaya, ai da shi muka yi alwala, har na sam wa wasu bayin Allah." Ruwan da na kwana ina tattali. Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa ta inda zan fara ƙorafi a kan ruwan da aka yi ibada da shi.

Daga nan na sallama. Muka wuce Kwanar Ɗangora, muka shiga yankin Kura da gonakinta na shinkafa, na ɗaga tawul na nuna wa Barde, na ce ga irin garinku nan. Ko kallo bai yi ba. Ya hango hotonsa a jikin kular abincin uwargida, yana ta kumbura zai yi dambe.

Bayan magariba muka shiga gida. Hajiya mahaifiyata ta amsa gaisuwa, ta karɓi jikoki, sannan ta dubi abin da nake rungume da shi. Ta ce, "Tsarabar ke nan? Wannan ko romon mai jego ba zai yi ba." Da uwargida ta faɗa mata nawa na saye shi, sai ta yi salati ta tafa hannu. Daren nan a ɗakina Barde ya kwana, a saman kwaba, ni kuma ido biyu saboda kyanwar gidan.

Ranar komawa na fito da tawul da kwalba, iyalina suka ce ko su ko kifi. Barde yana nan Kano a wurin Hajiya, cikin wani babban kwanon gilashi kusa da gadonta, ta rufe shi da rariya don kada ya yi tsalle. Jiya ta bugo waya, ba ta tambayi kowa ba, ta ce abincin Barde ya kusa ƙarewa.