Masoyiyar da Ba Ta Fushi

A watan Agustan 2024 kamfanin OpenAI ya yi abin da masu talla ba su saba yi ba: ya ja kunnen jama'a kan hajarsa. Ya ce muryar manhajarsa ta hira, GPT-4o, ta yi kama da ta mutum har ana fargabar wasu su shaƙu da ita, kuma tun da takan bari a katse mata magana a kowane lokaci, ɗabi'ar na iya bin mutane gida. A nan gizo ke saƙar. Wanda ya saba da abokiyar hirar da ba ta fushi, ba ta gajiya, ba ta tambayar kuɗin cefane, ranar da ya katse surukarsa a tsakiyar zance zai yaba wa aya zaƙinta. Zumunci da haƙuri ake riƙe shi, da zuwa suna da ta'aziyya, abokiyar hirar kuwa ko dubiya ba ta taɓa zuwa ba.

Za a ce ai masu fama da kaɗaici suna samun sauƙi. Gaskiya ne, da babu gara ba daɗi. Sai dai kamfani ne waliyyin masoyiyar, kuma igiyar sakin tana hannunsa. A Fabrairun 2023 kamfanin da ke da manhajar hira ta Replika ya rage mata kalaman soyayya, masoya suka shiga makoki. A Agustan 2025 OpenAI ya janye GPT-4o, aka yi ta kuka har ya maido da ita, amma ga masu biya kaɗai. An dai yi kome a lokacin, sadakin dala 20, kuma duk wata ake biya.