Masu Neman Lafiya a Tibiri, Kowa da Tasa Hanyar

Tun da aka ware Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma a 2011, ma'aikata suka ƙaru, kujeru suka ƙaru, tumbi ma ya ƙaru. Yanzu kowa neman lafiya yake, sai dai hanyoyin sun sha bamban.

Akwai Baba Tamakka, tsohon ma'aikaci mai ritaya. A wurinsa babu cutar da zogale, wato tamakka, ba ya kashewa. Ka ce kanka na ciwo, tamakka. Ka ce gwiwa, tamakka. Ka ce bashi ya yi maka katutu, sai ya yi jim, ya ce, "Ɗana, fara da tamakka tukuna." Ba ƙarya yake yi duka ba, ganyen na da sinadarin ƙarfe da bitamin A. Amma ku leƙa kwanon dambunsa: mai na malala, dunƙulen Maggi uku, ga gishiri a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, Baba kuwa kafin azahar ya ci na jibi. Idan aka auna shi a likita aka ce tansiyo ta hau, sai ya ce na'urar ce ba ta san zogale ba.

Sai Ɗan Sipor. Ya sayi kayan gudu da farin takalmi, ya hau kabu-kabu zuwa bakin gari inda zai fara tattaki. Taku ashirin, hoto talatin. Ya ji an ce minti 150 na motsa jiki a mako ake so, kuma yana cika su, in aka haɗa da lokacin ɗaure igiyar takalmi da gaisawa da mutanen Dumega masu zuwa kasuwa.

Sarkin Fada ya rantse shayi na narka kitse. Ana zuba sukari a buta yana cewa, "Ƙara, ƙane, na farkon nan da ɗaci."

Mai maganin kasuwa ba ya buƙatar gabatarwa, lasifikarsa ta riga shi isowa. Ranar kasuwar Kore Mairuwa yana can, ta Gesheme yana can, da kwalba guda mai maganin basir, shawara, sanyin ƙashi, ciwon sukari, da wata matsalar da ake rage murya kafin a faɗe ta. Jika guda ce, amma don kai ne, kawo rabi. Tambaye shi ko cokali nawa za a sha, ya ce, "Gwargwadon imaninka, Alhaji." Shi kansa in zazzaɓin damina ya kayar da shi, a asibiti ake ganinsa, ya ja rawani ya rufe fuska.

Kada a manta da tsohon ɗan kokowa. Tun da aka fara gasar kokowa ta takobi a Tawa a 1975, babu shekarar da bai kusa zuwa ba. Motsa jikinsa na yau shi ne nuna yadda ya taɓa ɗaga wani ƙato a Matankari, yana zaune a tabarma, kuma ƙaton na ƙara tsawo duk shekara.

Ta ƙarshe ita ce Inna. Ta ja guga tun asuba, ta surfa gero, ta daka, ta dama fura, ta kai gona a ƙafa cikin rairayin Dallol Mauri da goyo a baya, ta dawo da itace a ka. Ɗan Sipor, wanda furarta ce ta raine shi, yakan tsaya ya yi mata nasiha: "Inna, ya kamata ki riƙa motsa jiki." Sai ta sauke taɓarya ta ce, "To, ɗan nan, in na samu lokaci."

A cikinsu duka, ita kaɗai ce lokotoro zai ce wa ta rage.