Lazanya a Gwangwanin Burodi

Idan tumatir ya faɗo a watan Janairu, mutumin ƙasarmu rasa yadda zai yi da shi yake yi. Daga Taba zuwa Hunkuyi, daga Kudan har Ikara, kwanduna ne jere a bakin titi suna jiran motocin Kudu, wanda bai samu shiga mota ba kuma a yanka shi a shanya ya zama kauɗa. Saboda wannan yalwar aka kafa masana'antar sarrafa tumatir a Ikara tun 1981. Mu ne kuma muka ga tashin hankalin 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta lashe gonaki har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. To in dai maganar tumatir ce, ban ga Baturen da zai ɗaga mini murya ba.

Da wannan ƙarfin zuciyar na kalli bidiyon da ɗan ƙanena mai karatu a Samaru ya turo mini ta WhatsApp. Wata Ba'amurkiya ce a wani farin kicin tana haɗa lazanya, abincin Italiyawa, tana rantsuwa cewa wannan ce mafi sauƙi a duniya, ba nama, ko yaro zai iya. Faffaɗar taliya, miyar tumatir, cuku. A shimfiɗa wannan a kan wancan hawa-hawa, a tura a tanda mai zafin digiri 180, bayan minti 40 a fito da ita. Da ta ɗago yanka guda, cuku ya biyo cokali yana miƙewa har kusan haɓarta. Wannan miƙewar ce ta cuce ni.

Na shaida wa uwargida cewa ranar Asabar ta huta, ni ne da girki.

"Malam, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau."

"Ko wani abu na yi maka?"

Kafin la'asar labari ya isa sashen Inna. Ranar Asabar tun hantsi ta sa aka kai mata tabarma gindin darbejiya, inda za ta riƙa hango murhu sosai, ta zauna da carbinta.

Taliya ba ta ba ni tsoro ba. Duk wanda ya taɓa kallon mai taliyar murji ya san injin nan da ake ɗaurewa a bakin benci baki biyu gare shi. Na farko shi ke lallatse kwaɓin fulawa ya fito fale-fale, na biyu ya yayyanka shi siri-siri a rataya a igiya. Abin da Italiyawa ke shimfiɗawa a lazanya shi ne abin da ke fitowa daga bakin farko, ka ga ke nan sauƙi ma zan kawo wa maƙwabciyarmu mai taliya. Sai dai gidan aure ne, ba a shiga. Na tsaya a zaure na aiki 'yata ƙarama da saƙo: a murza mini mudu guda, amma kada a yanka.

Ta shiga ta fito. "Baba, wai in ji ta, in ba a yanka ba ai ba taliya ba ce."

"Je ki ce na sani, haka nake so."

Ta sake fitowa. "Wai in ji ta, rubutu za ka yi a kai?"

Ina cikin tsara amsa sai ga maigidan da kansa. Muka gaisa, ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce in wani laƙani aka ba ni kada in ji kunyarsa, shi ma an taɓa sa shi neman ƙwan zabuwa a tsakiyar rani. Na yi masa bayanin Italiya. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya yarda a rufa asirin juna.

Aka fito mini da abin a faifai, falle-falle, gwanin kyau. Kafin in kai gida iskar hunturu ta busar da na sama ya fara tsagewa, na ƙasa kuma sun rungume juna sun ƙi rabuwa. Uwargida, wadda aka ce ta huta, ta jiƙa tsumma ta lulluɓe su ba tare da ta ce uffan ba.

A wajen cuku ne aka yi ta. Matar nan iri uku ta sa: rikota mai laushi, mozarela mai miƙewa, da parmesan da ake gogawa a barbaɗa. Shi wannan na ƙarshen a yankin Parma ake yin sa, dunƙule guda ya kai kilo 40, kuma ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. Mu a nan abin da ya yi wata 12 a ɗaki sai a fara tambayar wa ya mutu ya bari. Tun tsakiyar mako na shiga Zariya, na samu mozarela a firjin wani babban kanti a Sabon Gari. Na juya ledar na ga farashi, na lissafa shi da kwandon tumatir a kuɗin wannan makon, sai na mayar da shi mazauninsa da hannu bibbiyu.

Na dawo na tare Bafulatanar da ke kawo mana nono.

"Goggo, cuku nake nema."

"Cuku kuma? Ka gan ni da raƙumi?"

Ita nono ta sani, da kindirmo, da man shanu. Da ƙyar ta yarda za ta kawo mini madara tatsar safe wadda ba ta kwana ba, tana ta mitar za a ɓata abin kirki. Yadda ake yi ba wuya: a tafasa madara, a matsa lemun tsami, nan take ta tsinke, farin ya ware gefe, ruwan ya koma tsanwa-tsanwa, sai a tace. Na tace da wani ɗankwali da na gani a igiya, wanda daga baya aka sanar da ni, da murya mai ƙarfi, cewa na ankon bikin ƙanwar uwargida ne. Ƙwarya guda cike da madara, abin da ya rage a ɗankwalin bai cika tafin hannuna ba.

"A ƙara da awara mana," in ji uwargida. "Ai duk fari ne."

Na ce a tarihin Italiya kaf ba a taɓa sa waken suya a lazanya ba. Na sake duban tafin hannuna. Na aika a sayo awara wadda ba a soya ba.

A madadin parmesan kuwa ina da makami. Wani Buzu mai gadi da muke mutunci da shi a Zariya ya ba ni cukun Agadas na asali, fale-fale, busasshe ƙamas, da shaidar tabarmar da aka shanya shi a jikinsa. Su Buzaye ɓantara suke yi su tsoma a shayi. Na gwada shi da magogi, magogin ya lanƙwashe. Na jefa shi a turmi. Saukar taɓarya ta farko wani ɓangare ya yi tsalle ya sami kaza a ƙeya, Inna ta ce "La'ilaha illallahu," ta ci gaba da jan carbi.

Miya dai ba a koya wa ɗan Kudan. Tumatir jajaye daga fadama, albasa, tafarnuwa, man gyaɗa, ganyen ɗaɗɗoya, da ɗan gutsuren mazarƙwailar Makarfi don kashe tsami. Uwargida ta leƙa tukunya ta ce miyar da ba tattasai ba attaruhu ai ta majinyata ce. Na ga lokacin ilmantarwa ya yi. Na gaya mata cewa lazanya tsohuwa ce, tana cikin wani littafin girki da aka rubuta a Napoli tun ƙarni na 14, kuma a lokacin ko tumatir babu a cikinta, taliya ce da gogaggen cuku da kayan ƙamshi, domin tumatir bai isa Italiya ba sai a ƙarni na 16, bayan an kawo shi daga wajajen Meziko. Har yau ma mutanen Bolonya da na Napoli kowa da irin tasa.

"Au, ashe su ma koya suka yi," in ji ta, ta watsa attaruhu a ciki.

Saura tanda. Ba mu da ta Turawa, amma duk matar da ke gasa kek da Salla ta san dabarar: babbar tukunyar biki, a zuba yashin rafi a gindinta, a jera duwatsu uku a kai, a ɗora abin gashi, a rufe, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Mazubi mai kusurwa huɗu kuwa, na aro gwangwanin burodi a wurin mai gidan burodin garinmu, da alkawarin zan dawo da shi yadda na karɓa.

Na durƙusa na fara gini. Miya a ƙasa, falle guda na taliya, cuku da marmasasshiyar awara, miya, taliya, haka-haka. Gwangwanin burodi siriri ne mai zurfi, ita kuma matar bidiyon a faffaɗan faranti ta yi hawa uku ta tsaya. Ni da nake da mudu guda na fulawa ban ga dalilin tsayawa ba, na yi ta ɗorawa har ya zo baki, na danna da bayan ludayi, na ƙara wani, na barbaɗe da tsakuwar Agadas.

"Digiri 180 ake so," na ce.

"Garwashi nawa ke nan?"

Ta kara bayan hannunta a bakin tukunya ta ce ya isa, a janye itace biyu. Ni kuwa na riga na gayyato mutanen majalisarmu su zo bayan Magariba su ci abincin Italiya, ga rana tana neman faɗuwa. Na tura itacen da ta janye, na ƙara da kara. Bayan ɗan lokaci na ɗaga murfi in ga ko cuku ya narke. Bai narke ba, amma toka ta samu shiga. Na rufe. Na sake ɗagawa. Awara na nan zaune fara fat, ko gezau, cukun da na haɗa da hannuna yana gefenta ya ƙara taurin kai. Daga ƙasa kuma wani ƙauri ya fara tasowa, irin wanda ke sa maƙwabta leƙowa ta katanga.

Na kira ɗan ƙanena a waya.

"Kai, cukun nan ya ƙi narkewa."

"Wane iri ka sa, Baba?"

Na gaya masa. Na ji ya rufe bakin wayar, na kuma ji dariyar mutum fiye da ɗaya. Da ya dawo ya ce duk cukun da aka tsinka da tsami a kan wuta ba ya narkewa har abada, sai dai ya ƙone. Mozarela kuwa da wani sinadari na tumbin ɗan maraƙi mai shan nono ake daskarar da madararsa, sannan a cuɗa shi cikin ruwan zafi ana ja har ya koyi miƙewa. Na ce me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce shi don nishaɗi ya turo mini bidiyon.

Aka idar da Magariba, baƙi suka cika zaure. Na kifa gwangwani a tire na bubbuga, lazanya ta ce ba inda za ta. Na sa wuƙa na haƙa. Abin da ya fito kamar bangon sabuwar rijiya: baƙar ƙasa a gindi, jan laka a tsakiya da ɗanyen kwaɓi, farin dutse a sama.

Na farko ya yi bisimilla ya kai loma, ya daɗe yana tauna, idonsa a rufin zaure, sannan ya nemi ruwa. Na biyu ya ce wallahi azumin nafila yake yi. Aka tuna masa an sha ruwa tuntuni, ya ce shi yakan ɗan jinkirta. Na uku dattijo ne mai kara, ya lakaci jan da ke tsakiya ya lasa.

"Miyar nan fa ta yi. Wa ya sa attaruhun?"

Daga cikin gida aka yi gyaran murya.

Na kai wa Inna nata. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ɗauki ɗan ɓangare ta juya shi a hasken fitila, ta kai baki, ta fito da wata tsakuwar cuku ta ajiye a gefen tabarma.

"Kai wannan, mutanen da ke cin abin nan, fari ake yi a ƙasarsu?"

Almajirin da ke mana ɗebo ruwa ma da aka zuba masa, ya leƙa robarsa ya ce, "Iya, ko ɗan ɗumame babu?"

Ashe tun ina fama da murfi uwargida ta mayar wa maƙwabciya ragowar fallayen, an bi da su ta baki na biyu. Nan da nan aka tafasa, aka kwarara musu sauran miyata, aka fito da tire biyu. Zaure ya yi tsit sai ƙarar cokula, mai azumin nafila har da neman ƙari. Na ja hankalinsu cewa fulawar ɗaya ce, tumatirin ɗaya ne, injin ma ɗaya ne, saboda haka a ƙa'ida lazanya suke ci, yanka ce kawai ta bambanta. Ba wanda ya musa, don ba wanda bakinsa ke da sarari.

Washegari maƙwabciya ta aiko a ba ta kuɗin aiki biyu, na murzawa daban, na yankawa daban. Gwangwani kuma aka jiƙa shi, aka kankare da wuƙa, aka dirje da toka da yashi, amma hawan farko ya riga ya zama ɗan gida. Na kai wa mai burodi a haka. Ya ɗaga shi sama, ya ƙwanƙwasa gindin, ya sansana.

"Malam, ni burodi nake sayarwa. Wa zai sha shayi da tafarnuwa?"

Shi ya ce sabo zan saya masa, ni na ce rabi zan biya tunda bakin gwangwanin lafiyarsa ƙalau. An kai maganar gaban liman, ya ce mu dawo bayan Juma'a, kuma in zo da bidiyon.