Bazazzagi, Ɗan Wasa Ba Rake Ba Ne

Malam Bazazzagi, saƙonka ya iso. Na ga jerin samari goma na jami'o'in Amurka da ka ce su za a fara ɗauka idan ƙungiyoyin NBA suka zauna rabon sababbin 'yan ƙwallon kwando a watan Yuni. Na duba sunayen, na duba abin da ka rubuta gaban kowanne, sai na ga ba komai sai tsawo: wannan ƙafa bakwai, wancan ƙafa bakwai da inci ɗaya. Nan na gane gado ba ya ɓuya. Yadda kuke zaɓen rake a Makarfi haka ka zaɓo mana 'yan wasa, wanda ya fi zanƙalelewa shi ne naka. To, tambayi kowane yaro a Kano: saman rake lami ne, zaƙi yana gindi.

Na san abin da ya ruɗe ka. Tun watan Maris, lokacin gasar jami'o'i mai ƙungiyoyi 68, ka hana gidanka barci. Ƙarfe biyun dare kana rungume da waya, yaro ya yi tsalle ya cusa ƙwallo a kwando, kai kuma ka kurma ihu har maƙwabta suka zaci ɓarawo ne. Da gari ya waye ka ce mini, "Matana ya yi fushi." Kai da har yau ba ka rarrabe mace da namiji a magana ba, kai ne za ka rarrabe gwani da dogon banza?

Bari ɗan kasuwa ya koya maka ciniki. Ƙungiyoyi talatin ne, zagaye biyu, gurbi sittin. Kafin ranar, a watan Mayu, ana tara samarin a Shikago a auna su kamar shanu a kara: tsawo ba takalmi, faɗin gaba idan sun ware hannuwa, tsalle, gudu, likita ya taɓa gwiwa da idon sawu. Duk da wannan awo, masu cin albashi a kan aikin suna sayen jabu. A 1984 Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, a lamba ta ɗaya, ba wanda ya ga laifinta. Portland ta zo ta biyu, ta duba sama irin dubanka, ta ɗauki Sam Bowie, dogon da ƙashin ƙaurinsa ya riga ya hana shi wasa shekara biyu a Kentucky. Na uku shi ne Michael Jordan. Kada ka ce tsautsayi ne, don a 2007 Portland ɗin ta sake. Ta ɗauki Greg Oden, ta bar Kevin Durant, siririn yaron da ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 84 ko sau ɗaya a wajen awo, ana ta yi masa dariya. Gwiwa ta cinye Oden, wasa 105 ya buga a duk rayuwarsa ta NBA. Wanda aka yi wa dariyar ya zama gwarzon shekara a 2014. Ina zargin akwai Bazazzagi a ofishin Portland.

A 2009 ma, Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet na Tanzaniya a lamba ta biyu, ƙafa bakwai da inci uku, rake har da ganye. Stephen Curry na ƙaramar kwalejin Davidson, wanda aka ce ba shi da jiki, sai da ya jira lamba ta bakwai. Yau ba wanda ya kai shi yawan jifan nesa mai maki uku a tarihin gasar.

Me mai ido yake dubawa? Shekaru tukuna. Ɗan sha tara da ke yin abin da ɗan ashirin da uku ke yi ya fi shi daraja, don shi bai gama nuna ba. Sai jifan da ake ba mutum idan an yi masa keta, yana tsaye ba mai tare shi: nan ake gane hannu, don layin maki uku na NBA ya fi na jami'a nisa, sa'ar dare ɗaya ba ta kai mutum can. Sai ƙafa: idan ɗan gajere mai zafin nama ya tunkaro shi, zai iya binsa, ko zai tsaya kamar turken wutar lantarki? Sai abin da yake yi idan ƙwallo ba ta hannunsa, wanda guntun bidiyon da kake turo mini ba ya nunawa. A jami'a wasa talatin da 'yan kai ne na minti arba'in. A NBA kuwa 82 ne na minti 48, da magidanta masu ciyar da iyali da ƙwallon. Yaron da yake ture 'yan ajinsu zai tarar da waɗanda ba sa turuwa.

Na san yanzu za ka buga ƙirji ka ce, "Ai Masai Ujiri a Zariya ya tashi." Gaskiya ne, ban hana ku ba, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Amma shi ma ranar da jinin garinku ya motsa masa, a 2014, lokacin shi ke zaɓar wa ƙungiyar Toronto 'yan wasa, ya ɗauko mata Bruno Caboclo na Barazil a lamba ta ashirin, mai dogayen hannaye, abin bai yi albarka ba. Da ya natsu ya yi ciniki irin na Kanawa, sai a 2016 ya tsinto Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27, ya kuma ba Fred VanVleet aiki, gajeren da aka kira sunaye sittin ba nasa. Su biyun suna cikin waɗanda suka ɗauko wa Toronto kofi a 2019. Ka ga kenan, ko gwanin naku sai da ya daina kallon sama ya ci riba.

Saboda haka na adana takardarka a ƙasan akwati. Ba daren zaɓe za mu yi hisabi ba, don ranar kowa gwani ne, hula sabuwa, uwa na kukan murna. Shekara uku zan ba ka. Idan biyar cikin gomanka suna shiga fili ba zaman benci ba, na yafe maka kuɗin shara na cika-ciki uku. Idan kuwa ba haka ba, ka ɗauro mini damin rake ka kawo Kano da kanka. Gindin nawa ne. Saman kuwa, tunda tsawo kake so, ka koma da abinka.