Sannunku da Aiki, Masu "Dawo Gobe"

Duk makarantun arewacin Yobe, daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa har tsangayun Machina, babu wadda ta kai kantar banki iya koyar da haƙuri. Ba ta jarrabawar shiga, ba ta tambayar takardar firamare. Ɗalibin da take so shi ne talakan da aka zare wa kuɗi daga asusu, kuɗin kuma bai isa inda aka tura shi ba. Mun daɗe muna kwankwaɗar ilmin malamanta ba mu ce musu sannu ba, yau sai mun biya bashin.

Ga yadda karatun yake. Dattijo a wani ƙauyen Machina ya sayar da riɗinsa, dillali ya tura masa kuɗin ta waya. Ya je wurin mai POS zai ciri abin da zai kai mai ɗakinsa asibiti. Na'ura ta yi jim, ta fitar da takarda cewa ciniki bai faɗa ba, ita kuwa wayar da ke aljihunsa ta yi ƙara: an zare. Yaron ya ce, "Wallahi Baba ba daga ni ba ne, sai dai ka je bankinka." Gaskiya ya faɗa. Washegari Baba ya yi sammako zuwa Nguru, ya biya kuɗin motar da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ya tarar da layi har bakin titi. Mai gadi, Allah ya saka masa, ya tsayar da shi a rana, don kada sanyin cikin banki ya kama ƙirjin tsoho.

Bayan Azahar aka kira lambarsa. A nan ne za ka ga tarbiyya. Saurayin da ke kanta sa'an ɗan autansa ne, kuma tun da Baba ya tsaya bai ɗaga kai ya dube shi ba. Wa ya ce kunya ta ƙare? Ai yaro ba ya haɗa ido da babba. Bai ce masa ina wuni ba, bai tambaye shi hanya ba, don ya san darajar lokacin dattijo. Ya turo masa fom da Turanci. Baba yana jin Manganci da Hausa, yana rubuta ajami tsaf, amma banki ya hango abin da bai hango ba: a ƙofa akwai matasa masu biro da ke cike fom a ba su na goro, ka ga an samar da aikin yi. Da ya dawo da takardar, sai aka ba shi karatun ranar a dunƙule: "Babu netwok. Dawo gobe."

Masu neman fitina za su ce tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarni cewa rikicin kuɗin POS a warware shi cikin awa 72. Haka ne. To amma a Abuja aka rubuta, inda ba su san awa takan miƙe ba idan ta shigo rairayi. Kuma cikin tausayi ba wanda ya karanta wa Baba wannan umarni, ba wanda ya manna shi a bango da Hausa, balle a gaya masa akwai hukumar FCCPC da aka kafa don karɓar kukan irinsa. Mutumin da ya san haƙƙinsa ba ya barci da kyau. Sun bar shi da kwanciyar hankalinsa.

Kada a tattara yabon duka a kan saurayin kanta. Sau da yawa shi ma ɗan kwantiragi ne, ana iya sallamarsa gobe, mutum ɗari suna gabansa, kwamfutarsa tana ɗaukewa. Rawanin na manya ne, waɗanda ke zaune a Legas suna shelar ribar biliyoyi kowace shekara, suka auna suka ga ƙara ma'aikaci ɗaya mai jin harshen mutanen gari almubazzaranci ne. Da su da Babban Banki suka shirya mana babbar jarrabawa a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutane suka kwana a bakin ATM, aka sayi naira da naira, mai akuya ya karyar da ita rabin kuɗi ga duk wanda ya nuna masa takardar kuɗi a hannu. Wanda ya tsallake wannan ya sauke, sai walima.

Alhamdu lillahi ilmin ya bazu. Tela ya karɓi ɗinkin Sallah na mutum hamsin da keke ɗaya. Ɗan kamasho a tasha yana rantsuwa saura mutum ɗaya, alhali rabin waɗanda ke cikin motar abokansa ne da za su sauka. Mai kanti ya rubuta da jan fenti cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ko da fitilar ba ta kai gida da ranta ba.

Abin takaici, har yanzu akwai waɗanda suka ƙi waye. Akwai mai tireda a unguwarmu da ke da wani littafi duk ya sha maiƙo, yana rubuta bashin sukari da sabulu sai kaka a biya, ba ruwa ba jingina. In ka manta canjinka sai ya aiko yaro da shi har gida. Akwai Inna mai bandar kifi a Gashuwa da in kun gama ciniki sai ta ɗora maka gyara, ta ce a gaida yara. Ba su san ana cewa lokaci kuɗi ba, shi ya sa suke ɓata shi wajen tambayar mai jiki. Gadon ci baya ne suka ɗauko. Tun da layin dogo daga Kano ya iso Nguru wajen 1930, gyaɗa da ƙaro da fatu suka riƙa bi ta nan, baƙon ɗan kasuwa a gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi, in mai saye ya gudu shi zai biya daga aljihunsa, don sunansa ne jarinsa. Shi ma yakan ce wa baƙo sai gobe, amma da tabarma da tuwon dare yake faɗa. Wane irin kasuwanci ne wannan, da za ka ɗauki asarar wani a kanka?

Ina rubuta wannan ne raina yana ƙuna, don Baba ba mutum ɗaya ba ne. Ana ganinsu a ƙofar banki kowace safiya, da hula a hannu suna fifita, suna ce wa yaron da suka haifa "ranka ya daɗe" a kan kuɗin guminsu. Shi wannan da nake ba da labari, mai tiredar nan marar wayewa ne ya ƙirgo masa kuɗin asibiti, ya ce, "Je ka, Baba, in sun sako maka ka kawo."

Sun sako, bayan ya yi ta safa da marwa tsakanin Machina da Nguru har kuɗin mota ya ci kaso mai tsoka na abin da yake bi. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri, amma an cire kuɗin saƙon da aka sanar da shi an mayar. Da ranar 1 ga Janairu ta zo, ranar da aka rubuta masa a matsayin ta haihuwa lokacin rajistar BVN, bankin ya turo masa saƙon taya murna da Turanci. Sai da ya je wurin mai cajin waya aka fassara masa cewa suna alfahari da shi.