Ranar da Na Sayo Kawuna a Gwanjon Duwan

Har yau idan na ratsa kasuwar Sakabal, akwai yaran da ke ja da baya suna raɗa, "Ga mai kawuna nan." Ba na jin haushinsu. Ni na jawo wa kaina, da kuɗin bijimina, da kuma ɗan Faransancin da na tsinta a shekara huɗu na lakwal kafin a mayar da ni kiwo.

Abin ya samo asali ne daga rufe iyakokin da aka yi a 2023. Ƙasarmu ba ta da teku. Kafin nan, allura ce ko injin niƙa, galibi sai ta sauka Kwatano ko Lome, sannan ta hau mota ta yi kwanaki kafin ta ga Maraɗi. Da gadar Gaya, wadda kayan Kwatano ke bi, ta toshe, kaya suka jibge a tashar jiragen ruwa, wasu suka zagayo ta Burkina da rakiyar sojoji. Kafin kayan mutum su iso, kuɗin mota da na ajiya da na fito sun haɗiye ribar har da uwar kuɗin. Sai mai kaya ya yi kamar bai san zancen ba.

To su duwan, wato kwastan, ba sa ajiye kayan wani har abada. Abin da ba a zo an yi wa takarda ba, sai a rubuta shi cikin littafin ajiya. Idan watannin da doka ta yanka suka cika babu wanda ya leƙo, a yi shela a sa shi gwanjo. Mai saurin lalacewa ba a jira da shi. Ruɓaɓɓe da jabun magani kuwa wuta ake cinna musu. Kuɗin da aka samu a cire ɗawainiya, a cire haƙƙin gwamnati, in da saura a ajiye wa mai kaya, in bai zo ba baitulmali ta lashe. Duk wannan abokina tela ne ya karanta mini, yana taka keke yana magana kamar shi ya rubuta dokar.

Shi ne kuma ya zo mini da hoton takardar shela a wayarsa. Muka duƙufa. Kashi na 14: kwali 8, sai kalma ɗaya ta Faransanci, wadda na gane nan take. Na ce, "Wannan ai 'kawuna' ke nan."

Tela ya tsayar da keke. "Kawuna? Kan keken ɗinki! Wallahi haka 'yan kasuwa ke rubuta shi."

A take muka yi lissafi a ƙasa da tsinke. Ko uku-uku ne a kwali, kai 24 ke nan. Kowanne a sayar jika 40. Kafin mu tashi na riga na buɗe shago a Dakoro, na sa wa gidana kwano, har na fara tunanin wace ce za ta dace da ɗakin da zan ƙara. Uwargida ta ce, "Malam, wanda ya bar kayan, shi ba ya son kuɗi ne?" Na ce mata harkar duwan ba ta mata ba ce. Ranar kasuwa na ja bijimin da na yi shekara biyu ina turke, na karɓi jika 300.

Ba zan faɗi garin da aka yi gwanjon ba, don mutanen ba su yi mini laifin komai ba. Sun ma ware yini guda, jajibirin gwanjo, don kowa ya zo ya buɗe ya duba. A wannan yinin ina ƙarƙashin wata bishiya kusa da Kornaka, ina kallon direbanmu yana ɗaure cikin mota da igiyar guga. Na iso washegari gwanjo ya yi nisa, an riga an sayar da tayoyi da wasu babura.

Da aka zo kashi na 14 sai wuri ya yi tsit. Manyan 'yan kasuwa suka shiga duba wayoyinsu. Wata Hajiya ce kaɗai, mai gilashi da zoben zinariya, ta ɗaga hannu: jika 30. Na ce a raina, lallai wannan ta san dawan garin, so take ta kwashe a ɓagas. Na ce 50. Ta waiwayo ta dube ni tun daga rawani har takalmin taya. Ta ce 60. Na ce 100, da Faransanci kuma, don a san daga Rumbu ma ana zuwa da ilimi. Ta ƙara, na ƙara. Wani dattijo da ke gefena ya taɓa ni, ya ce, "Ɗana, ka kuwa ga kayan?" Na ɗauka ɗan korenta ne, na janye hannuna. A jika 240 Hajiya ta yi dariya ta ce, "Allah ya sa albarka, Malam." Guduma ta sauka.

Nan na koyi cewa abin da ka faɗa da baki ba shi ne abin da za ka biya ba, akwai kason mai gwanjo a kai, kuma lakadan, nan take, kaya yadda ka same su, ba a dawowa. Na biya. Abin da ya rage a aljihuna bai fi kuɗin mota ba.

Na tafi ɗaukar kwalin farko na tattara ƙarfi, na yi bisimilla, na yunƙura. Saura kaɗan in faɗi ta baya. Kan keke ƙarfe ne, wannan kuwa ko kwandon zogale ya fi shi nauyi. Na sa farce na yage. Idanu goma sha biyu sau biyu suna kallona, da gira, da jan baki, da gashi har kafaɗa, in da akwai kafaɗar. Kawunan roba ne, irin waɗanda masu koyon kitso ke gwaji a kansu. Guda 96.

Mai tsaron magaza, wani tsoho mai tasbaha, bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Mai kayan nan ya san abin da ke ciki, ya bari. Kai ba ka sani ba, ka biya." Hajiya, wadda ashe makarantar gyaran gashi gare ta, ta matso ta ce za ta karɓa duka a jika 70. Da na saurari hankali da na karɓa. Amma mutane na kallo. Na ce, "Hajiya, ina da masu so a Dakoro."

A hanyar dawowa, wajen ƙarfe goma na dare, jandarma suka tsayar da mu. Wani matashi ya hau saman mota da tocila ya ce kayan wa ne waɗannan. Na ce nawa ne. "Mene ne a ciki?" Gaskiya dai na faɗa: "Kawuna ne, ranka ya daɗe." Ya haska. Ban taɓa sanin mutum na iya sauka daga saman mota ba tare da ya taɓa tsani ba sai ran nan. Fasinjoji suka watse cikin gonar wake, wata tsohuwa tana salati tana cewa tun daga tasha ba ta yarda da idona ba. Takardar duwan ce ta cece ni, bayan shugaban jandarman ya ƙwanƙwasa kawuna uku da gindin tocila, ya tabbatar.

Labari ya riga ni isa gida, kuma ya ƙara ƙiba a hanya. Tela ya rantse shi bai taɓa cewa keke ba. Uwargida ba ta ce uffan ba, sai dai ta ɗauki ɗaya mai jan gashi ta ajiye a kan gadona, ta ce, "Malam, ga amaryar."

Da damina na kafa goma a gonar gero, na sa musu tsofaffin riguna don korar jan-baki. Kwana biyu tsuntsaye suka ji tsoro. A rana ta uku na tarar suna zaune a kan kawunan suna tsige gashin suna kaiwa sheƙa. Guda ɗaya dai ta yi aiki: wadda na ɗora a kan rumbu. Tun daga ranar ko zangarniya ba a sake ɗauka ba, kuma maƙwabcina ya daina aiko yaro aron hatsi da dare.

'Yan mata masu kitson sallah sun sayi bakwai, wani mai sayar da huluna ya ɗauki huɗu bashi. Sauran suna nan cikin kwalayensu. Idan akwai wanda ya san Hajiyar nan mai gilashi, don Allah a gaya mata na amince da jika 70, kuma ni zan biya kuɗin mota.