Jinjina ga Jaruman Bindiga

Wanda ya ce ba a tausayin talaka a Zamfara ya manta da watan Yunin 2022. A lokacin ne gwamnatin Bello Matawalle ta ce kowa ya nemi bindiga ya kare kansa, za a raba fom 500 na neman lasisi ga kowace masarauta cikin 19. Madalla! Manomin Badarawa da bai isa ya leƙa gonarsa ba sai ya biya harajin 'yan bindiga, dama fom kaɗai ya rage masa.

Kuma dubi hikimar miƙa aikin ga masarautu, don a zaɓo masu halin kirki. Har da ta Zurmi, wadda aka tuɓe sarkinta a watan Afrilun shekarar bisa zargin hulɗa da ɓarayin daji. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin, 'yan sanda suka ce ba a ɗage dakatar da ba da lasisi ba. Ƙyale su, 'yan baƙin ciki ne.

Ai mun riga mun ga albarkar bindiga a hannun 'yan sa-kai. Su ne suka raba mu da wahalar shari'a. A da sai an kai mutum caji ofis, a nemo shaidu, alƙali ya yi ta ɗage zama. Yanzu ranar kasuwa a Shinkafi ko Ƙaura, ɗan sa-kai ɗaya shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne hauni, kafin la'asar an gama. Shaida? Ga malfa, ga sanda, ga Fillanci a baki, me kuma ake nema? Shanun mamacin ma ba a barinsu cikin maraici, nan take ake samar musu mai riƙo.

Tawali'unsu ya fi komai burge ni. Idan jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya aiko yaransa ramuwar gayya, jaruman ba sa tsayawa cin yabo. Sukan bar wa tsofaffi da mata da yara fagen.

A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa, jami'an tsaron al'umma, sama da 2,600, da kaki da albashi. Masu cewa a fara gurfanar da waɗanda suka kashe mutane ba shari'a su yi haƙuri. Jarumai ba su da lokacin zaman kotu.